A Buɗe Mana Matoya, Kada a Koma wa Dalma

Assalamu alaikum Edita. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in kai kukana.

Tun da na yi ritaya daga koyarwa na kama ginin kofunan shayi da yumɓu a bayan gidana, don sha'awa kawai. Wata dattijuwa maginiyar tukwane ce ta koya mini jiƙa yumɓu da tsince tsakuwa, tana yi tana dariya wai gemu ya zo koyon aikin mata.

Kofunana na farko guda goma sha biyu ne. Na toya su da kara da itace kamar yadda ake toya tulu, na yayyafa musu makuba da zafinsu. Huɗu suka fashe a wuta. Sauran kuwa, da na zuba wa maƙwabcina shayi, kafin ya sha rabi gindin kofin ya jiƙa masa riga. Gumin da ke sanyaya ruwan randa, a kofin shayi aibi ne. Wutar kara ba ta wuce digiri 800 da kirki, alhali kofin da zai toyu ya daina tsatsafo, ya yi sheƙi kamar tangaran, yana son sama da 1,200.

To ga inda gizo ke saƙa. Wani ya ba ni shawara in daka dalmar tsohon batirin mota in shafa, wai da ƙaramar wuta za ta narke ta yi ƙyalli. Tana yi kuwa, amma duk wani abu mai tsami, ko zoɓo ko kunun tsamiya, zai riƙa jawo gubar cikin abin sha. Mu da muka ga ɗaruruwan yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010, ina mu ina wannan?

Ai ba yau aka fara wannan sana'a a ƙasar nan ba. A Suleja, lokacin tana amsa sunan Abuja, Baturen Ingila Michael Cardew ya gina matoyar itace mai kai wancan zafi, yana haɗa ruwan sheƙin da ake shafa wa tukwane daga toka da garin dutse. Cibiyarsa ta koyar da ginin tukwane da ke can ce shahararriyar maginiyar tukwane Ladi Kwali ta shiga a 1954, ga hotonta nan a bayan naira 20.

Roƙona ga jami'o'i da kwalejojin fasaha masu irin wannan matoya: su ware mana ko rana ɗaya a wata, mu biya kuɗin gas ko itace. Yanzu haka ɗanyun kofuna talatin na jere a kan kantata, na lulluɓe su da buhu saboda kaji.

Naka,
Tsohon malamin firamare, Zariya