Wasiƙa kan Omega-c da 'yan uwanta

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali, ya kuma sanyin can inda kake. Na ga saƙonka tun makon jiya amma na ƙi amsawa a gurguje, saboda tambayar da ka yi min ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka ji ana cewa an gano sabbin ƙwayoyi a CERN, cibiyar binciken kimiyyar nan ta Turai, kuma kusan duk shekara sai ka ji an sake gano wasu, shin wai duniyar nan kayan gininta ba su da iyaka ne, ko dai masanan ne ke neman abin faɗa. Wallahi na ji daɗin tambayar, don abin da ya fi cin raina kenan a karatun nan, kuma rabon da in samu wanda zan zauna in yi wa bayaninsa a tsanake har na manta.

Ka ga furoton da niyutiron ɗin da muka haddace a makaranta, waɗanda ke tsakiyar atam, to su ma ba dunƙulallu ba ne, kowanne wasu ƙananan ƙwayoyi uku ne a cikinsa, ana ce musu kwak. Gell-Mann da Zweig ne suka kawo wannan tunanin a 1964, kowa da kansa. Kwak iri shida ne, ana rubuta su u, d, s, c, b, t, kuma duk abin da kake taɓawa da hannunka kwak ɗin cikinsa u da d ne kawai, furoton uud, niyutiron udd. Duk abin da aka haɗa da kwak uku haka sunansa bariyon. Shi c ɗin nan shi ake kira cam, an tabbatar da shi a Nuwamba 1974 lokacin da ƙungiyar Richter a SLAC da ta Ting a Brookhaven, cibiyoyin bincike biyu a Amurka, suka ci karo da wata ƙwaya mai cam a ciki da ake kira J/psi kusan lokaci guda, shekara biyu bayan nan aka ba su Nobel. Abin da ya sa cam ya fita daban shi ne nauyi, ko guda ɗaya tak nasa ya fi furoton ɗungurungum nauyi.

To a watan Maris na 2017 mutanen LHCb, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin bincike na CERN, suka fito suka ce sun ga sabbin yanayi biyar na wani bariyon da ake kira Omega-c, biyar a lokaci ɗaya fa, a zane guda. Shi Omega-c kwak ɗinsa c ɗaya ne da s biyu, kuma an san shi tun da daɗewa, nauyinsa idan yana kwance lafiya wajen 2695 MeV (MeV ma'aunin kuzari ne, da shi ake auna nauyin irin waɗannan ƙwayoyin), furoton kuma 938, ka ga kusan ninki uku. Sabbin kuwa nauyinsu 3000, 3050, 3066, 3090 da 3119. Nan ne amsar tambayarka take. Ba a gano sabon tubali ko ɗaya ba, kwak ɗin su ne dai c, s, s, a dukkan biyar ɗin. Abin da ya canza shi ne yadda suke motsi a ciki, suna zagaya juna da ƙarfi, suna juyi ta wata fuska daban, wato an zuga su sun tashi daga kwance. Kamar tsirkiya ɗaya ce, idan ka kaɗa ta a hankali murya ɗaya za ta ba ka, idan ka san inda za ka danne sai ta ba ka wasu muryoyin na sama, kuma ba kowace murya za ta yarda ta fitar ba, sai waɗanda tsayinta da ɗaurinta suka ba da dama. Wanda ya ji muryoyin sosai zai iya gaya maka yadda aka ɗaure tsirkiyar ko bai taɓa ganin ta ba. Aikin kenan da ake yi.

Kuma ka lura da wani abu da har yanzu yake ba ni mamaki duk sanda na tuna. Atam ma ana zuga shi, ilektiron ɗin haidirojin yana hawa mataki na gaba da wajen eV 10 (eV miliyan ɗaya ne ke yin MeV ɗaya), wanda idan ka kwatanta da nauyin atam ɗin bai kai komai ba, babu sikelin da zai ji. Amma shi wannan zugawar kaɗai ta ƙara masa sama da 300 MeV, kusan kashi ɗaya cikin uku na furoton, daga motsi kawai ba tare da an ƙara masa komai ba. Wannan shi ne maganar Einstein a zahiri, kuzari ya zama nauyi. Kuma ba a can kawai abin ya tsaya ba, a jikinka ma haka ne, idan ka tara nauyin kwak uku da ke cikin furoton za ka samu kamar kashi 1 cikin 100 ne na nauyinsa, sauran duk kuzarin ƙarfin da ya ɗaure su ne, wanda wasu ƙwayoyi da ake kira guluwon ke ɗauka tsakaninsu. Wato kusan duk nauyin da kake gani idan ka hau sikeli daga wannan ɗaurin ya fito. Muna da lissafin wannan ƙarfin, QCD ake ce masa, rubuta shi ba wuya, amma warware shi a cikin bariyon inda ɗaurin ya yi tsanani abu ne mai matuƙar wahala, sai an haɗa da manyan kwamfutoci da kintace iri-iri. Shi ya sa kowane sabon nauyi da aka auna yake da daraja, da shi ake gane wane kintacen ne ke kan hanya wane ne ya kauce.

Kana iya cewa to me ya sa sai mai cam, me ya hana a yi da furoton ɗin kansa. Ana yi, amma a furoton duka ukun marasa nauyi ne, kowa na gudu kowa na jan kowa, zugaggun yanayinsa kuma faffaɗa ne suna hawa kan juna ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Idan ka saka cam mai nauyi sai ya zauna kusan wuri ɗaya kamar turke, sauran biyun su yi ta kewaya shi, lissafin sai ya yi sauƙi sosai, ka samu damar kallon abin da masu sauƙin ke yi.

Yadda ake ganinsu kuma shi ne ɓangaren da na fi so in ba da labari. Ramin LHC, babbar na'urar karo da ƙwayoyi ta CERN, zobe ne mai tsawon kilomita 27, wajen mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da Jeniba. Ana karo da furoton da furoton, dunƙulensu na haɗuwa har sau miliyan 40 a daƙiƙa. Babu wanda ya taɓa ganin zugaggen Omega-c da ido ko da na'ura, rayuwarsa ta yi gajarta da yawa, ka rubuta 1 ka jera masa sifili 21, ka raba daƙiƙa ɗaya gida hakan, to wajen nan ne ga mafi daɗewa a cikinsu. Ko faɗin atam ba ya ƙetarewa yake fashewa. Abin da ake kamawa ɓaraguzansa ne. Yana rabuwa ya zama wani bariyon mai cam da ake kira Ksi-c mai caji, da wata ƙwaya mafi sauƙi da ake kira kayon, shi Ksi-c ɗin yana ɗan daɗewa, yana tafiyar 'yan milimita kafin shi ma ya fashe zuwa furoton da kayon da wata ƙaramar ƙwayar mai suna fayon, kuma na'urar VELO da ke dab da inda ake karon, tazarar milimita kaɗan, tana iya nuna cewa waɗannan ukun ba daga wurin karon suka fito ba, daga ɗan gefe ne. Sai wata na'urar ta bambance kayon da fayon ta hanyar hasken da suke fitarwa idan sun ratsa iskar gas, maganaɗisu kuma ya lanƙwasa hanyarsu a auna ƙarfin gudunsu. Daga nan sai a koma baya da lissafi, a ce idan waɗannan duka daga uwa ɗaya suka fito, nawa ne nauyin uwar. A yi haka sau ɗimbin yawa a zuba a zane. Yawanci haɗuwar banza ce, ba su da alaƙa, sai su ba da shimfiɗaɗɗen layi. Amma inda akwai uwa ta gaskiya sai ka ga tsini ya taso. Ranar da na fara ganin zanen nan na 2017, tsini biyar a jere siri-siri kamar haƙoran mataji, na daɗe ina kallonsa ban ce komai ba.

Sirantar nan ma magana ce. Faɗin tsini yana nuna saurin mutuwa, mai faɗi ya mutu da wuri, siriri ya ɗan jima. Waɗannan faɗinsu 'yan MeV ne, na 3050 ma wajen 1 ko ƙasa da haka, alhali abin da ke fashewa ta ƙarfin nan da ya ɗaure kwak sau da yawa faɗinsa ya kai goma-goma ko ɗari. Akwai abin da ke riƙe su kenan, kuma a kan wannan aka yi ta muhawara.

Ba a tsaya kan maganar LHCb kaɗai ba, kuma wannan yana burge ni a aikin nan. Mutanen Belle a Tsukuba ta Japan, waɗanda su ilektiron da kishiyarsa fositiron suke karawa, na'ura daban hanya daban, suka koma cikin tsoffin bayanansu suka duba, suka ga huɗu daga cikin biyar ɗin, na 3119 ne bai fito musu ba. A 2023 kuma LHCb da ƙarin bayanai suka sake ganin biyar ɗin, suka ƙara da wasu biyu, 3185 da 3327.

To mene ne su? Bayani mafi sauƙi shi ne s biyun nan sun haɗe kamar abu ɗaya suna kewaya cam da zagaye na mataki na farko, kuma idan ka lissafa hanyoyin da juyinsu zai iya haɗuwa da wannan zagayen sai ka samu biyar cif. Biyar aka lissafa, biyar aka gani, kowa ya yi murna. Amma da LHCb suka sake samun huɗu daga cikinsu a 2021 ta wata hanyar, daga fashewar Omega-b, ɗan uwansa mai b a madadin c, inda ake iya gwada juyin kowanne, sai jerin da aka fi zato bai zauna daidai da bayanan ba. Wasu masanan na ganin na saman sun hau wani matakin ne daban, wasu kuma na cewa wasunsu ba kwak uku ba ne ma, biyar ne, ko kuma bariyon da meson, wato ƙwaya irin su kayon mai kwak ɗaya da kishiyar kwak, su ne suka manne da juna sako-sako. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga cewa ba dukkansu labari ɗaya gare su ba, kuma ina ganin gaggawar da aka yi ta cewa biyar ta dace da biyar ta yi yawa, aunin juyin ne zai raba gardama, ba kyan lissafi ba.

Dalilin da ya sa nake taka-tsantsan ma daga gidan Omega-c ɗin ya fito. Shekara da shekaru littattafai na cewa shi ne mafi gajeren rai cikin danginsa masu cam ɗaya, sai a 2018 LHCb suka auna suka samu ya ninka abin da aka rubuta kusan sau huɗu, daga baya Belle II, magajin Belle, suka auna suka goyi bayansu. Abin da kowa ya ɗauka an gama da shi kenan fa. Kuma a shekarar 2017 ɗin nan dai, a watan Yuli, suka gano Ksi-cc mai cam biyu, nauyinsa 3621, a nan turken biyu ne mai sauƙi ɗaya ke kewaya su, wannan sai wata wasiƙar don labarinsa ma dogo ne.

Zan turo maka hoton zanen nan mai tsini biyar, ka buɗe shi a kwamfuta kar ka duba a waya, don ka ga sirantar na 3050 da kyau, sannan ka dubi ɗan tudun da ke can dama bayan na biyar, shi ne wanda daga baya ya zama 3185. Ka gaya min abin da ka gani kafin in ƙara maka komai. Ka gaishe min da madam da yara, Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum.