Goron Sallar Auta

Assalamu alaikum Umma,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina Baba da sauran mutan gida? Mu nan Landan cikin yayyafi muka sauko idi, ga aikin dare yana jirana, ko ƙamshin suya ban ji ba. Na ga hoton ragon, Allah ya karɓi layya.

Umma, ki yi mini afuwa, yau zan ajiye kunya, maganar Auta ce. Tun da kika ce ta shiga wata huɗu ba ta fara awo ba, hankalina ya ƙi kwanciya, ga damina ta kankama.

Duk haihuwar da na karɓa, sai na shimfiɗa mabiyiya a faranti na duba ta ciki da bai. Kamar hanta take, nauyinta wajen rabin kilo, kuma ta nan ɗa ke ci, ta nan yake samun iska. To a nan ɗin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ke maƙalewa. Jinin da suka shiga ya manne mata, garkuwar jiki ta taso da faɗa, wurin ya kumbura, abincin da ke isa ga ɗa ya ragu. Uwa tana iya harkokinta babu ko zazzaɓi, sai dai jini ya yi ta raguwa, a zo a haifi jariri bai kai kilo 2.5 ba, ko bakwaini. Mai cikin fari abin ya fi kamawa.

Rigakafin yana wurin awo: Fansidar ƙwaya 3 a gaban ma'aikaciya, daga sati na 13, wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Ta haɗa da maganin ƙarin jini, ta riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani ko ana zafi. In ta ji zafin fitsari, ko faya ta fashe babu naƙuda, a tafi asibiti ranar, domin ƙwayoyin cuta kan haura su kama mahaifa. Don Allah ban da jiƙe-jiƙe da maganin ciwon jiki na kemis.

Abin da na turo ta hannun Yaya, rabi naku ne, rabi goron Sallar Auta, kuɗin mota zuwa awo. Ke za ki yi wa mijinta magana, ba ya tsallake maganarki. In ta dawo ta ɗauko mini hoton katin.

A gaida Baba da su Gwaggo. A ajiye mini soyen nama cikin mai, ina nan tafe in an kusa suna, in sha Allahu.

Taki,
babbar ɗiyarki