Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Shagunan Intanet a Gusau

Assalamu alaikum. Alhaji shugaba, iyayen ƙungiya da sauran 'yan uwa membobi, wannan shi ne bayanin abin da ofishin sakatare ya gudanar a shekarar da ta ƙare, kuma mafi yawansa ya shafi kamfaninmu na haɗin gwiwa ne, wanda yake raba wa shagunanmu intanet, domin shi ya cinye mana lokaci da kuɗi. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi.

Kowa ya san cewa a cikin shekara guda mutum uku ne suka zauna kujerar manajan kamfanin. Na ji ana ta cewa kwamiti ne bai iya zaɓen mutane ba, don haka ya zama dole in fayyace. Manaja na farko ya ajiye aiki ne saboda albashinsa ya taru a kanmu, kuma ya taru ne domin shagunan da suke shan intanet daga eriyar kamfanin ba su biyan kuɗin wata a kan lokaci. Na biyu ɗan uwanmu ne da ya karɓi riƙon ƙwarya ba tare da ko sisi ba, har shagonsa ya fara mutuwa, ya nemi a sauke masa. Na uku, wanda yake kai yanzu, ya tarar da bashi, ga kuma ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da shi a watan Janairun 2025, bayan tsadar man janareto da muke fama da ita tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wasunmu ma har yau ba su gama farfaɗowa ba daga rufe layukan sadarwa da aka yi a jihar nan a watan Satumban 2021.

Aikin sola bai kammala ba, kuma ba sakaci ya jawo hakan ba. An sayi faifan an ɗora a rufi, amma kuɗin batura aka karkatar wajen biyan dillalin da muke sarin intanet a hannunsa, domin da an yanke mu a lokacin rajistar JAMB da babu shagon da zai tsira. Batun kai layi Kaura Namoda kuwa an jingine shi, saboda babu kuɗin kayan aiki, kuma ba za mu tura ma'aikaci ya riƙa zirga-zirga a hanya cikin wannan hali na tsaro ba.

Abin da ya fi faranta mini rai a shekarar shi ne taron yini guda da muka yi bayan Babbar Sallah kan makomar kamfanin. Zauren ya cika har sai da aka aro kujeru, 'yan uwa daga Tsafe da Talata Mafara suka zo da kuɗin motarsu. Malamin kwamfuta da muka gayyato bai fara da lissafinmu ba, sai ya ɗauko tarihin Yahoo, inda akasarinmu muka buɗe wa kwastomomi imel na farko. Ya tuna mana cewa a 2008 Microsoft ya taya kamfanin a kan dala biliyan 44.6 aka ƙi sallamawa. Jerry Yang, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya sauka daga shugabancin kamfanin, aka kawo Carol Bartz a farkon 2009, aka kuma sallame ta ta waya a watan Satumban 2011. Scott Thompson ya zo a Janairun 2012, bai wuce watan Mayu ba ya tafi saboda taƙaddama kan wani digiri da aka rubuta a takardunsa. Ross Levinsohn ya riƙe na ɗan lokaci, sannan aka ɗauko Marissa Mayer daga Google, wadda ta sayi shafin wallafa rubuce-rubuce na Tumblr a kan dala biliyan 1.1. Daga ƙarshe, a 2017, kamfanin sadarwa na Verizon ya sayi harkar intanet ɗin Yahoo a kan kusan dala biliyan 4.5.

Fahimtar malamin, wadda ni ma na gamsu da ita, ita ce masu kamfanin Yahoo ba su taɓa tsayar da magana ɗaya ba kan ko gidan labarai da talla suke so ya zama ko kamfanin fasaha, shi ya sa kowane sabon shugaba yake rushe ginin na baya. Da ya kai nan zauren ya yi tsit, domin mu ma haka muke: wasu na son a sayar wa gidaje da intanet, wasu na son cibiyar jarrabawa, wasu kuma rabon riba kawai suke jira. An yi muhawara mai zafi har bayan La'asar, kuma a karo na farko aka kaɗa ƙuri'a. An amince kamfanin ya tsaya kan wadata shagunan membobi da layi mai ƙarfi domin rajistar jarrabawa da cike takardun neman aiki, tunda mai waya a hannu ya daina zuwa kafe don duba saƙo. An kuma amince a bar manaja ya yi shekara biyu kafin a yi maganar canji. Muna godiya ga matan ƙungiya da suka ɗauki nauyin abinci.

Sai dai wannan shawara ba za ta tashi ba muddin kuɗin wata yana kwance a aljihun mutane. Ni da ma'aji mun bi shaguna da ƙafafunmu, mun kira waya, mun aika saƙo, amma akwai waɗanda ba mu ga fuskarsu ba tun ranar taron, kuma su ne kan gaba wajen kira idan layi ya ɗauke. Aikin sa kai muke yi, mu ma muna da shaguna da iyali. Wanda yake cikin matsi ya zo ya faɗa, za a tsara masa biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda aka yi wa wasu.

Ma'aji zai kawo sunayen masu bashi a taron wata mai zuwa, kuma kwamiti zai nemi amincewarku a cire duk shagon da ya haura wata uku bai biya ba daga kan layi. Kuɗin farko da ya shigo na batura ne.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya