Auta, Ka Ɗora Tukunya

Jidda, daren Juma'a

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya cunkoson Nyanya? Ni ƙalau nake, alhamdulillahi. Zafin Jidda ne dai da gumi, shi kuwa mun saba.

Labarinka ya iso ni, kada ka ɓata lokaci wajen neman wanda ya kawo. An ce tun da amarya ta tafi goyon ciki Funtuwa ba a ƙara ɗora tukunya a ɗakinka ba. Da safe mai shayi, da dare mai Indomie, da rana abin da Allah ya hore. An ce ka rame har wuya ya fito, kuma sunanka ya shiga littafin bashin mai shago. Ramar ba ta tayar mini da hankali kamar bashin ba. Kafin ta sauka, a yi suna, ta gama wankan jego, akwai wata uku a gaba ko fiye. Da wane albashi za ka ci abincin saye har zuwa lokacin, ga haihuwa tafe?

Na ba da riyal 900 a hannun mutumin da muka saba, zai turo maka canjinsu. Riyal 500 na ragon suna ne, ranar da suka shigo ka tura wa Kawu, ya saya tun yanzu a ɗaure a gida. 150 na maganin hawan jinin Inna. 150 kuɗin makarantar yarana. Sauran 100 naka ne, amma ba na mai shago ba ne, na tukunya ne. Bashin kai ka ci, ka biya da albashinka.

Ka sayi ƙaramin gas mai kilo 3, da tukwane biyu ƙanana masu kaurin gindi da murfi mai kamawa, da ƙaramar muciya, da maburgi. Tukwanen jeren amarya kada ka taɓa su, ka ƙona mata guda ɗaya ka ja mana magana. Ko ba don haka ba ma sun yi maka girma. Abinci kaɗan a babbar tukunya shimfiɗewa yake yi, ruwan ya ƙafe tun bai nuna ba, sai ka samu ƙasa ya ƙone sama kuma da sauran tsinke. Rabin matsalar girkin mutum ɗaya daga nan take. Sauran rabin kuwa rashin awo ne. Ka wanke gwangwanin madara ƙarami guda ɗaya ka ajiye, duk inda na ce gwangwani shi nake nufi.

Na faɗa wa Inna ta haɗo maka kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, yaji da garin masara tiya ɗaya, a ba direba a tasha. Waɗannan ba ruwansu da ɗauke wuta, in dai ka zuba su a roba mai murfi nesa da danshi. A kasuwar Mararaba kai kuma ka sayi shinkafa mudu biyu, wake mudu ɗaya, man ja da man gyaɗa kwalba ɗai-ɗai, busasshen kifi da albasa. Ɗanyen kayan miya da ganye kada ka sayi na fiye da kwana uku komai araharsu. Kwandon tumatir mai araha a ɗakin mutum ɗaya bola yake tafiya.

Ka fara da garau-garau, don shi ba ya kunyata mai koyo. Wake rabin gwangwani, ka tsince ka wanke, ka tafasa shi minti biyar ka zubar da wannan ruwan na farko, saboda maganin ƙwari da wasu ke zuba wa wake a rumbu. Ka zuba sabon ruwa gwangwani huɗu da kanwa kamar ƙwayar masara, kada ta wuce haka. In ta yi yawa abincin zai yi ja, ya caɓe, ya kuma ɓata maka ciki. Bayan kamar rabin awa ka ɗauko ƙwaya ɗaya ka matsa: in ta fashe amma da sauran ƙarfi, lokacin shinkafa ya yi. Gwangwani ɗaya, wankakkiya, in 'yar gida ce ka rege tsakuwa. Ruwa ya hau kanta da gaɓar yatsa ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, ka rage wuta ka rufe minti ashirin. In ka zuba su tare tun farko, shinkafar za ta zama tuwo wake yana nan garas. Man gyaɗa cokali uku ka soya da rabin albasa har ta fara ja, ka zuba da yaji. Wannan zai riƙe ka daga azahar har isha'i.

Ranar da ba ka fita aiki ka yi soyayyen kayan miya, shi ne zai ɗauke maka wahalar kwana uku. Tumatir takwas matsakaita, tattasai uku, attarugu uku, albasa biyu, a markaɗa. Ka ɗora ba mai, ba murfi, ya yi ta tafasa kusan rabin awa har ruwan ya tsotse ya yi kauri yana tsalle. Sannan ka zuba mai rabin gwangwani ka soya kana juyawa, har man ya taso sama ya rabu. Gaggawa a nan ita ke kawo tsami, ita ke sa ya lalace washegari, domin ruwan da ka bari a ciki shi ne ke ɓata shi. In babu wutar firji ka tafasa shi safe da dare, man ya rufe samansa, kuma kada jiƙaƙƙen cokali ya shiga ciki. Ya yi kumfa ko warinsa ya sauya, zubar. Asibiti ya fi tumatir tsada.

Da shi za ka yi dafa-duka cikin rabin awa ko da ka dawo a gajiye. Ludayi biyu na soyayyen, ruwa gwangwani uku, daddawa rabin ƙwaya dakakkiya, magi dunƙule ɗaya. Busasshen kifi ka jiƙa shi a ruwan zafi tukuna, ka ɓare ka fitar da ƙaya da yashi. In ruwan ya tafasa ka ɗanɗana kafin ka sa gishiri, don tukunyar mutum ɗaya ba ta yafe gishiri, ɗan barbaɗe ya wuce shi ke nan. Shinkafa gwangwani ɗaya da rabi, ka juya sau ɗaya tak, ka rufe, wuta can ƙasa. Yawan buɗewa da juyawa ke caɓa ta. In ruwa ya ƙafe da sauran tsinke, kada ka kwarara mata ruwa, yayyafa cokali uku na ruwan zafi ka rufe, tururi zai ƙarasa. Da wannan soyayyen kuma za ka ci taliya ko dafaffiyar doya. Ledar taliya mai giram 500 ci uku ce, ba ɗaya ba, ka kasa ta tun kafin yunwa ta sa ka juye duka.

Mutanen gidan da nake aiki, duk da kabsarsu, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, ranar da na yi musu dafa-duka da daddawa ba a rage komai a faranti. Ina ciyar da gida guda a ƙasar mutane, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya yana layi a gaban mai shayi. Ban san wa zan ji wa kunya ba, kai ko ni. Da ina gida da ba a kai ga haka ba. Bikinka ma a waya na gani.

To, tuwo. Na san za ka ce aikin mata ne. 'Yan'uwanmu maza da ke aikin gini a nan su ke tuƙa abinsu, ba wanda gemunsa ya zube. Ruwa gwangwani biyar, gari gwangwani biyu, malmala biyu ke nan, ɗaya na dare ɗaya na ɗumame. Ka ɗora huɗu a wuta. Da na biyar ɗin, mai sanyi, ka dama rabin gwangwanin gari har ya zama ba gudaji. In ruwa ya tafasa ka zuba kana juyawa, wannan shi ne talge, ka bar shi ya dahu minti goma. Wanda ya hana talge nuna, tuwonsa zai yi warin ɗanyen gari, kuma ba zai kwana ba. Sai ka rage wuta, ka riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan kana tuƙawa, kana danne shi a jikin tukunya. Juye gari gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. In ya haɗe ka yayyafa ruwan zafi kaɗan, ka rufe ya sulala minti biyar zuwa bakwai, ka sake tuƙawa ka kwashe.

Miyar kuka kuwa ta fi komai sauƙi. Ruwa gwangwani uku, daddawa, rabin albasa, attarugu ɗaya, kifi ko nama yanka biyu, man ja cokali ɗaya, magi ɗaya. Su tafasa minti goma sha biyar har warin daddawa ya kwanta ƙamshi ya tashi. Ka rage wuta sosai, ka barbaɗa kuka cokali biyu da hannu ɗaya kana kaɗawa da maburgi da ɗayan. Minti uku zuwa biyar ka sauke, kada ka rufe. Za ka ga kamar ta yi ruwa-ruwa, kada ka ƙara, tana hucewa take yin kauri. Kuka in ta yi yawa ɗaci take yi. Busasshiyar kuɓewa ma haka ake kaɗa ta, ka riƙa sauyawa don kada ka gundura.

Ranar da kake jin kasala, fate. Wake gwangwani ɗaya ya dahu luguf, ka yanka dankalin Hausa ɗaya ko doya yanka biyu a ciki, ludayi ɗaya na soyayyen, man ja cokali biyu. Alayyahu ƙulli ɗaya a ƙarshe, minti uku ka sauke, in ya daɗe baƙi yake yi ya narke.

Nama rabin kilo ya ishe ka mako. Ka sa mahauci ya yanka ƙanana, ka tafasa da albasa, citta da gishiri, ka soya ya bushe sosai. Ruwan naman ka yi miya da shi a ranar, ba ya kwana. Kuɗi sun yi ƙasa, ƙwai biyu ko awara sun wadatar.

Abin da ya rage na shinkafa kada ya yini ya kwana a zafin Mararaba ka ce za ka ci. Na dare a ɗumama da asuba har tururi ya ratsa shi, in ya fara yauƙi a zubar. Gas kuma ka riƙa rufe shi da ka gama, ka shafa ruwan sabulu a mahaɗinsa lokaci-lokaci, in ya yi kumfa yana yoyo ne. In ya ƙare ka koma gawayi, to a waje. Kada ka taɓa shigar da garwashi ɗaki ka rufe ƙofa ko da ruwa ake yi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum.

Ni kada ku damu da ni. Tun rusau ɗin unguwannin Jidda na 2022 haya ta yi tsada, mun ɗan ƙaru a ɗaki, amma ana rufa wa juna asiri. Ƙafar ma da sauƙi, kada ka faɗa wa Inna na ambace ta. In ka kira ta ka tambaya ko tana shan maganin kullum, ko sai ta ji jiri take tunawa. Ka ce wa babbar 'yata na ji sakamakonta, na yi murna, kuma zancen zuwa da sallah kada a sa musu rai, ban yi alkawari ba.

Amarya ka riƙa kiranta, ka aika mata ko kaɗan ne daga aljihunka, kada surukai su ga kamar an jibge musu ita. Maganar bashi kuwa kada ta kai kunnenta a wannan hali.

Ina sake faɗa maka, 500 ɗin rago ba naka ba ne, ba rance, ba "zan mayar in an yi albashi". Zan kira Kawu ranar Litinin in ji ko sun isa. Ka turo mini hoton gas ɗin da tukwanen, da hoton tuwon farko ko da gudaji ne.

Ka gaida Kawu da Goggo in kun yi waya, da maƙwabcinka mai ɗinki.

Wassalam,
Yayarka