A kawo mana likitan jijiyoyi kafin 30 ga Mayu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina bibiyar shafinku na kiwon lafiya, kuma kun yi ƙoƙari a kan hawan jini da ciwon suga da sikila. Amma akwai cutar da ban ga kun taɓo ba, wadda ta wahalar da gidanmu shekara uku kafin mu ji sunanta: maltiful sikilerosis, a taƙaice MS.

Ƙanwata ce. Tana da shekara 26 idonta na hagu ya fara gani dishi-dishi, in ta juya shi ya yi mata zafi. Ta ce jan mayafinta ya koma mata kamar wanda rana ta ci ya koɗe. Bayan 'yan makonni ido ya washe, muka gode wa Allah, muka manta. Shekara ta zagayo sai ƙafafu suka fara sagewa, har silifas ɗinta ya sullube a kasuwar Taminus ba ta sani ba. In ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa, sai ta ji kamar lantarki ya ja ta daga wuya zuwa gadon baya. Ga gajiyar da barci ba ya kawarwa, ga fitsarin da ba ya jira.

Sau biyu ana yi mata allurar taifot. Gwaggonmu ta ce iska ce, maƙwabciya ta ce sammu ne. A nan ne cutar take yaudarar mutane, Malam Edita: tana tasowa ta lafa don kanta, sai wanda ya ba da magani na ƙarshe ya kwashe yabo. Mu ma mun yaba wa mutum uku.

Abin da ya tona mata asiri zafin Abuja ne. Ta je Nyanya wurin yayarmu cikin Maris, ƙafafu suka ƙi ɗaukarta, da ta dawo sanyin Jos ta ɗan miƙe. Likitan jijiyoyin da muka gani daga baya ya ce zafi, ko da na ruwan wanka ne, yana tsananta alamomin na ɗan lokaci. Ya yi mana misali da wayar lantarki da ɓera ya gwigwiyi robarta. Garkuwar jiki ce ke kuskure ta afka wa rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙo ya riƙa tsinkewa a hanya. Hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da laka, da gwajin ruwan laka suka tabbatar MS ce.

Ba sabuwar cuta ba ce, tun 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya yi bayaninta. Ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata. Ba a ɗaukarta daga wani, balle a ware wa mai ita kwano. Ba a samo maganin da ke warkar da ita ba, amma akwai masu rage yawan tasowarta. Ban ce duk sagewar ƙafa MS ce ba, ciwon suga ma yana kawo haka, shi ya sa aikin na likita ne.

Ranar 30 ga Mayu ce ranar cutar ta duniya. Don Allah kafin nan ku zauna da likitan jijiyoyi ya yi mana bayani da Hausa, ku kuma tambaye shi inda talaka zai samu sassaucin kuɗin hoton da na magani, don mu sai da muka sayar da fili.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos