Wasiƙa kan allon ɗakin tiyata

Assalamu alaikum aminina,

Ya aiki ya iyali, ya baƙunta? Kwana biyu shiru, kayi haƙuri, aikin dare ne ya sa ni gaba. Yau dai nace sai na rubuta maka saboda wani abu ya tsaya min a rai kuma kai ne mutumin lissafi.

Satin da ya wuce akwai wani dattijo da za'a yiwa aikin kaba, shine na huɗu a allonmu na jerin masu tiyata, ance kar yaci komai tun tsakar dare. Aikin farko na hanji ne, likita yace awa 2 zai ɗauka, da aka buɗe ciki sai aka tarar da abinda ba'a zata ba, wlh sai da yaci awa 5, ga wankin ɗaki da jiran kayan aiki su fito daga tafasa, kafin ka ankara la'asar tayi sakaliya, ni aka tura inje ince masa sai wani satin. Leɓensa duk ya bushe, bai ce min komai ba sai "to, Allah ya kaimu", ɗansa kuma yana ninke masa rigar tiyatar da ya wuni da ita a jiki. Aikinsa fa ko minti 50 bazai kai ba.

Tun ranar nake karance-karance, ashe matsalar nan masu lissafi sun daɗe a kanta. Kaga marasa lafiya 10 kacal a ɗaki ɗaya, hanyoyin jera su sun kai 3,628,800, in suka zama 15 abin ya haura tiriliyan ɗaya, to balle ka ƙara ɗakuna, ga likita baya rabuwa biyu, mai allurar barci ɗaya ne, na'urar ɗaukar hoto ɗaya, kuma ko an gama aiki in babu gado a ɗakin farfaɗowa dole mara lafiya ya zauna ya tare tebur. Mu kuma duk wannan da alƙalamin maka da allo muke yinsa da safe.

Na karanta yadda George Dantzig ya fito da hanyar simpleks, wato dabarar lissafi ta nemo tsarin da yafi kowanne kyau, a 1947 lokacin yana yiwa sojan saman Amurka aiki, kafin shi ma Kantorobich a Rasha ya taɓo irin wannan tun 1939. Amma simpleks kan iya bada amsa da rabi-rabi, mu kuwa tunda ba'a yanka rabin mutum a wannan ɗakin rabi a wancan, dole amsa ta fito cikakkiyar lamba, nan ne dabarar wasu mata biyu a Landan, Ailsa Land da Alison Doig, ta 1960 take shigowa, a dinga rarraba matsalar reshe-reshe ana watsar da wanda ba zai kai ba. Asibitin Mount Sinai na Toronto ma da irin wannan lissafin suka raba awowin tiyata tsakanin sassansu. Manhajojin da ke yin wannan lissafin suna nan, CPLEX, Gurobi, har da OR-Tools na Google wanda kyauta ne.

Abinda yafi taɓa ni shine wata ƙa'ida mai sauƙi, a fara da aikin da aka san tsawonsa, wanda baida tabbas a tura shi ƙarshe in lafiyar mai shi ta bari, don jinkirinsa kar ya zubo kan kowa. Da haka akayi ranar nan da dattijon ya farfaɗo tun hantsi.

Ni dai a ganina kwamfuta bata san me yafi muhimmanci ba sai an gaya mata, ɗaki ya zauna babu kowa ne yafi ciwo, ko ma'aikata su wuce lokacin tashi, ko mutum ya wuni da yunwa a banza? Mu zamu saka wa kowanne nauyinsa, kuma ina tsoron in masu kuɗin asibiti kaɗai suka zauna, yunwar majinyaci ce za'a bari a baya. Sannan dole a bar gurbi don imajansi.

Na fara rubuta lokacin shiga da fitar kowane aiki a ƙaramin littafi, babu sunan kowa. Dan Allah in na tara na wata uku na turo maka, zaka duba min ka nuna min ta inda ake farawa?

Ka gaida mutan gidan da yara.

Naka har kullum.