Jami'o'inmu su fara koyar da yadda ake riƙe ƙungiya

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in isar da saƙo ga hukumomin jami'o'inmu na nan jihar Kaduna, musamman jami'ar jiha ta KASU da ABU Zariya, kan wani kwas da nake ganin lokaci ya yi da za a buɗe shi, wato kwas ɗin koyon tafiyar da ƙungiyoyin taimakon al'umma, waɗanda yaranmu ke kira NGO.

Duk wanda ke zaune a garin nan ya san ƙungiyoyi ba sa yi mana kaɗan. Kowace unguwa akwai ta marayu, akwai ta ci gaban unguwa, ga tsofaffin ɗalibai ga ƙungiyoyin mata, ga 'yan agaji. Kuma ba yau aka fara ba, Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya kafa tun 1962 hedikwatarta na nan Kaduna, cibiyar sasanta Musulmi da Kirista ta Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ma nan aka haife ta a 1995, har ƙasashen waje ana gayyatarsu su koyar da sulhu. Toh garin da ke da irin wannan tarihi ai shi ya kamata a ce ana zuwa koyon aikin a aji.

Amma dubi yadda akasarin ƙananan ƙungiyoyin namu ke ƙarewa. A taru da niyya mai kyau, a naɗa ciyaman da sakatare da ma'aji, a buɗe gurup a WhatsApp, kuɗi su fara shigowa ta asusun ma'aji na ƙashin kansa saboda wai ba a gama rijista ba tukuna, babu rasit babu littafi, shekara ta zagayo wani ya tashi a mitin ya ce a karanto lissafi sai rai ya ɓaci a ce ana zargin mutane, daga nan ƙungiya ta rabe biyu kowa ya buga sabon hatimi. Kuma wallahi sau da yawa ba sata aka yi ba, mutumin kirki ne aka ɗora wa aikin da ba wanda ya taɓa koya masa. Wata kuma tana tafiya lafiya ƙalau har ranar da wanda ya kafa ta ya rasu ko aka yi masa canjin wurin aiki, shikenan, don komai a kansa yake, hatta lambar waɗanda ke ba da taimako a wayarsa take.

Wannan duk abin da ake koyarwa ne fa. A Amurka jami'ar Indiana makaranta guda ta ware don nazarin harkar taimako da kyauta kawai, ana yin digiri na farko har zuwa na uku a kai. Mu nan yaro zai karanta aikin mulki ko nazarin zamantakewa ya fito, ya yi bautar ƙasa, aikin gwamnati babu, sai ya faɗa NGO ya fara lalube. Ko da an taɓo batun a wani darasi, taɓawa ce kawai.

Abin da nake so ɗalibi ya fito da shi a hannu ba wani dogon turanci ba ne. Ya san yadda ake yi wa ƙungiya rijistar amintattu a hukumar rijistar kamfanoni ta CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, ya san ana shigar da rahoton shekara, ya san me ya sa banki ke neman satifiket ɗin SCUML, wato ofishin yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin a buɗe asusu. Edita za ka tuna hayaniyar da aka yi kan sashe na 839 na dokar nan, wanda ya ba CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya, shugabannin addini suka yi ca har maganar ta kai kotu, amma mutum nawa cikin masu riƙe da ƙungiyoyi suka zauna suka karanta sashen da idonsu? Sannan lissafi, lissafi, lissafi. Yadda ake tsara kasafi, yadda mutum biyu ko uku ke sa hannu kafin a cire ko sisi, yadda ake kiran odita ba tare da an ɗauke shi abokin gaba ba. Da kuma yadda shugaba zai sauka in wa'adinsa ya cika, wanda wannan kam ko a ƙungiyar masallaci sai an sha fama.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne maganar daga ina kuɗin ke fitowa. Tsorona kar a buɗe kwas ɗin ya zama na koyon rubuta takardar neman tallafi wurin Turawa kawai, a yaye mana ƙwararrun masu shirya taron bita a otal ana raba alawus da ɗaukar hoto. Mun ga abin da ya faru a 2025, Trump ya dawo mulki a watan Janairu ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa farkon watan Yuli an rufe USAID, hukumar ba da tallafi ta Amurka, ayyukan lafiya da na ilimi da yawa a Arewa suka tsaya cak, matasa masu albashi mai tsoka suka koma gida. Ai dama Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci ba shi ke yanke lokacin cin tuwo ba.

Alhali muna da namu hanyoyin. Ga zakka ga waƙafi, Sakkwato da Zamfara har hukuma suka kafa a kansu. Ga baikon da 'yan'uwanmu Kirista ke bayarwa a coci wanda da shi aka gina makarantu da asibitoci a kudancin Kaduna. Ga kuɗin wata-wata na mambobi, ga attajiran Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Gumi waɗanda a shirye suke su bayar in dai sun yarda da hannun da zai karɓa, matsalar kenan, yarda. Gidauniyar Ɗangote da ta TY Ɗanjuma ma kuɗin gida ne. Ɗalibin da ya iya zama da Alhaji ya nuna masa dalla-dalla inda naira dubu ɗarinsa ta shiga, da suna da rasit, ya fi mana amfani a kan wanda ya iya cika fom ɗin ƙasar waje. A haɗa malaman fiƙihu da na shari'a da na akanta su tsara darasin waƙafi, yadda za a gina shaguna hayar ta riƙa ciyar da marayu ko bayan ran mai bayarwa.

Kar kuma a ce hukumar kula da jami'o'i ta NUC ce za ta hana. Sabon tsarin manhajar da ta fito da shi a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta zuba abin da ya dace da yankinta. ABU tana da cibiyar koyon aikin mulki a Kongo wadda ta girmi ita kanta jami'ar, ita ta horar da ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa, KASU kuma tun 2004 take nan ga reshe a Kafanchan. In digiri ya yi nauyi a fara da difloma ta ƙarshen mako, don masu riƙe da ƙungiyoyin yanzu yawancinsu magidanta ne da matan aure masu aiki, ba za su iya zaman aji Litinin zuwa Juma'a ba. Kuma don Allah a yi wani sashe da Hausa, ma'ajin ƙungiyar zawarawa a Rigasa ba lallai ta ji turanci ba amma kuɗin amana na hannunta. Ɗaliban kuma in lokacin koyon aiki ya zo a tura su gidajen marayu da ƙananan ƙungiyoyin unguwa su gyara musu littattafai, maimakon zaman banza a ma'aikatu ana aikensu sayen abinci.

Ina fata wani daga majalisar malaman jami'o'in nan zai ga wasiƙar nan ya ba mu amsa a wannan fili. Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna